Kawu Ya Ce a Kawo Shi a Miƙe

Ranar sadakar uku ta Kawu tabarmin gidan ba su isa ba, sai da aka aro na masallaci. Ina cikin gida tare da mata, amma kusa da ƙofar zaure na zauna, don haka duk abin da maza ke faɗa a waje yana shigowa kunnena. Rabin masu gaisuwar ban san su ba. Akwai mutanen Ceberu da na Maruda, akwai Fulanin rugagen bayan Gwandu, har da wasu masunta daga Diggi da suka baro jiragensu suka zo. Kowa in ya zauna ya yi addu'a ya shafa, maganar da zai biyo baya da ita kusan iri ɗaya ce.

"Shi yak kawo man tsohona gida."

"Ni ɗiyata yak kawo, tun ba a yi kwalta ba."

Can wani dattijo bafulatani ya juya ga babban ɗan Kawu, ya yi tambayar da duk gidan ke gudu. "To shi hwa? Cikin wace mota anka kawo shi?"

Na leƙa ta gefen labule na ga babban ɗan ya sunkuyar da kai yana jan casbaha. Liman ne ya cece shi, ya ɗaga hannu ya ce a ƙara wa mamaci addu'a.

A cikin gida kuma akwai wata tsohuwa 'yar Maruda, mai sayar da daddawa a bakin tasha. Tun washegarin rasuwar take zuwa da safe ta wuni tare da mu. Ba ta taɓa abinci, ba ta shiga hira, sai dai in an jima ta rufe baki da gefen mayafi ta ce, "Ni da bakina nig gaishe shi." Matan gidan sun ɗauka ruɗewar tsufa ce. Ni na san gaisuwar da take nufi, domin a gabana aka yi ta, kuma zan zo kanta.

Kawu wan mahaifiyata ne, direba tun kafin a haife ni. Bai riƙe sarauta ba, bai yi dogon karatu ba, bai bar gidan bene ba. Abu ɗaya aka san shi da shi a ƙasarmu: in mutum ya rasu a asibiti, a Birnin Kebbi ne ko a Kalgo ko ma Sakkwato, Kawu ne zai ɗauko shi ya kawo shi gida a kwance. Shi ma abu ɗaya ya roƙa wa kansa, kuma a gabanmu duka ya roƙa. Ya ce in ajali ya same shi a waje, a kawo shi gida a miƙe, yadda ya kawo na mutane. Saboda wannan roƙon nake wannan rubutu, kada jikokinsa su tashi ba su san komai game da shi ba sai hoton da ke rataye a bango.

A bayan motarsa ta farko aka haife ni. 404 ce, irin motar nan mai zaki a goshi, doguwa mai ƙofa a baya, fara, giyarta a jikin sitiyari. Inna ta sha ba ni labarin. Da damina ne, da tsakar rana, naƙuda ta yi mata tsanani a Ceberu, aka aika wa yayanta. Ya zo ya kwantar da kujerun baya, aka shimfiɗa ta, tsofaffi biyu suka shiga da ita. Ba a kai Gwandu ba na ce ga ni nan. Kawu ya tsaya a gindin wata bishiya, ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe gilashin baya da ita, ya yi nisa ya juya wa motar baya har sai da ya ji kukana. Tun daga ranar bai taɓa kiran sunana ba, sai "ɗiyam mota". 'Ya'yansa kuwa, taubasaina, suka samu abin tsokana na har abada. In na yi musu rashin kunya sai su ce me za a yi tsammani daga wadda garinsu ke tafiya da taya huɗu. Ni ma ba na barin su, nakan ce ni dai na shigo duniya a mota, su a ɗakin ƙasa.

Sai da na girma na ji dalilin da ya sa Kawu ya ɗora wa kansa ɗaukar gawa. Kakanmu a asibitin Birnin Kebbi ya rasu, lokacin Kawu yana saurayi, bai mallaki ko keke ba. Motar da aka samu ta kawo shi babbar motar kaya ce, cike da buhunan albasa. Babu filin kwantar da shi, sai aka lanƙwasa shi aka cusa tsakanin buhuna, Kawu na zaune a sama yana riƙe da kansa. Bai cika ba da labarin ba. Ranar da ya ba ni, cewa kawai ya yi, "An naɗe Baba awa kaya, ina gani." Daga nan ya tashi ya shiga duba ruwan inji, alhali da safe ya duba.

Saboda haka Kawu yana da ma'auninsa na mota, kuma bai yi kama da na kowa ba. Sauran direbobi in za su sayi mota sukan buɗe inji, su saurari ƙara, su tambayi shan mai. Shi kuwa baya yake zagayawa, ya ɗaga ƙofa, ya cire hula, ya shiga ya kwanta. Dogo ne sosai, irin dogayen da sai sun sunkuya a ƙofar zaure. In an rufe ƙofar ba ta taɓa tafin ƙafarsa ba, to motar ta ci jarrabawa. Yakan ce, "Ni ba gudunta nika tambaya ba, cikinta nika tambaya." Ranar da ya je sayen 504, wadda ta gaji 404, an ce dillalin ya tsorata da ya ga mai saye ya miƙe a bayan mota ya rufe ido ya haɗa hannuwa. Ya ɗauka ciwo ne ya kama shi.

Ita 504 ɗin ita ce motar Kawu ta gaskiya, da ita yawancin mutane suka san shi. Ta fi ta farko faɗi da tsawo, kujeru layi uku, fitilunta manya, cikinta a ɗage yadda yashin hanyar Maruda ba ya kama ta. Da ita yake lodin fasinja tsakanin Gwandu da Birnin Kebbi. Ƙusoshin kujerun baya bai taɓa ɗaure su tamau ba, don in an kira shi ya cire su nan da nan. A saman kaya kuma kullum akwai sabuwar tabarma a naɗe. Ba ya shimfiɗa wa mutum biyu tabarma ɗaya. Wadda aka kawo mutum a kanta, ta gidan mamacin ce, gobe Kawu ya sayi wata.

In ya ɗauko gawa ba ya kunna rediyo, ba ya gudu, ba ya amsa gaisuwa da baki sai da hannu. Kuma yana magana da wanda ya ɗauko. Duk ramin da zai shiga sai ya rage tafiya ya ce, "Hanƙuri, Malam, rami na." In mace ce ya ce, "Hanƙuri, Inna." Na taɓa raka wata maƙwabciyata da aka yi wa rasuwa, muka shiga gaba, na ji shi da kunnena yana ba da haƙurin nan tun daga Birnin Kebbi har ƙofar gida. Da farko abin ya so ya ba ni dariya. Kafin mu kai Ambursa ni ce nake share hawaye.

Tsohuwar nan ta Maruda a zamanin 504 ta haɗu da shi, lokacin tana da ƙuruciya da goyo a baya. Mijinta ya cika a asibiti, ba kowa tare da ita. Ta zo tasha tana bin direbobi ɗaya bayan ɗaya, kowa na kawo uzuri. Ba mugunta ce zalla ba. Fasinja ba sa son shiga motar da aka san ta ɗauki gawa, direba kuwa da fasinja yake ci. Ta iso wurin Kawu motarsa ta cika, ya riga ya tayar da inji. Ya saurare ta, ya kashe motar, ya zagaya ya buɗe ƙofofi ya ce kowa ya sauka. Wani ɗan kasuwa ya ƙi, ya ce shi ya riga ya zauna kuma sauri yake yi.

Kawu ya ce, "Kai kana iya jiran wata mota. Shi ba shi iya wa."

Mutumin ya sauka yana zage-zage, kuma har ya mutu bai sake shiga motar Kawu ba. Ita kuwa matar, tun daga ranar duk shekara sai ta kawo daddawa gidan Kawu. Ya hana, ya gaji, ya bari.

Kada a ɗauka waliyyi nake bayyanawa. Kawu mutum ne mai taurin kai da saurin fushi, kuma in ya ƙulla da mutum ya ƙulla ke nan. Goggo, matarsa, ta sha fama. Yara a unguwa suna kiran motar "motar gawa", in ta taho su watse. Amare sun daina yarda a kai su ɗaki a cikinta. Goggo ma gaba kawai take shiga, ko da kuwa za ta matsu da wani fasinja. Takan ce, "Ba ni shiga baya da sauran numfashina." Kawu ya yi dariya ya ce ai wurin na nan yana jiranta. Sau ɗaya ta shiga bayan, daga asibitin Birnin Kebbi, a kan sabuwar tabarma. Autansa da ke tare da shi ya ce ranar Kawu bai iya cewa "hanƙuri" ba. In ya zo rami sai dai ya tsaya cak, ya jima, sannan ya lallaɓa ya wuce.

Ya taɓa gwada 505 da ta fito. Ya yaba ta, ya ce doguwa ce, mutum ya kwanta har wani ya zauna a kansa yana masa addu'a, sitiyarinta kuma da yatsa ɗaya ake juya shi. Amma bai daɗe da ita ba. Ya ce ta cika son kwalta, shi kuwa mutanensa ba a bakin kwalta suke mutuwa ba. Da kayan gyaranta suka fara wuya ya sayar, ya nemo wata 504 ta hannu ya koma gidan jiya. Muka yi ta masa tsiya cewa ya saki amarya ya mai da tsohuwa. Ya ce tsohuwar ta san hanya.

Da wannan motar ya tsufa. Fentinta ya koɗe, ƙofa ɗaya sai da igiya, kuma sau da yawa sai an tura take tashi. Idanunsa ma suka fara rauni. 'Ya'yansa kuwa Allah ya buɗa musu, babban yana aiki a Birnin Kebbi, autan yana kasuwanci. Maganar mutane ta fara isa kunnensu, wai ga su da hali sun bar ubansu cikin gwangwani yana jigilar gawa. Na san taubasaina, ba marasa tausayi ba ne. Kunya ce ta ci su, da tsoron kada wata rana a kira su a ce tsohon ya faɗa rami da gawar wani a baya.

Sai suka shirya abin da suke gani alheri ne. Suka biya masa Umra. Yana can, suka kira 'yan gwangwan suka sayar musu da 504, aka yanka ta a ƙofar gida aka loda a mota. Ranar da ya dawo, a inda take tsayawa ya tarar da 406, baƙa wul, tana sheƙi. Jikar 404 ce, zakin nan dai yana goshinta, amma ƙarama ce mai but, ba doguwa ba. Tana da sanyi a ciki, gilashinta da maɓalli yake sauka, kujerunta kamar na falo. Mota ce mai kyau, ban taɓa cewa ba ta da kyau ba.

Duk muna wurin, har da maƙwabta. Kawu ya zagaya ta. Ya buɗe but ya leƙa, ya rufe. Ya buɗe ƙofar baya, ya cire hula ya miƙa wa autan, ya shiga ya kwanta a kan kujera. Kansa ya tokare ƙofar can, ƙafafunsa kuwa tun daga ƙwauri suna waje. Yara suka fashe da dariya, wasu manyan ma suka taya su. Ni ban yi dariya ba, domin na ga fuskarsa lokacin da yake fitowa.

Ya ce, "Wagga ta masu lahiya ta. Ina tawa?"

Babban ɗan ya fara bayani, yana cewa ai tsohuwar ta gama aiki, ai lokacin hutu ya yi. Da Kawu ya gane an yanka ta, sai ya zauna a kan dakali kamar wanda aka yi wa rasuwa. Sannan ya ɗago ya dubi 'ya'yansa.

"Kun kyauta, Allah shi yi maku albarka. Amma ku ji, ga shaidu. Ran da nim mutu, in ba cikin gidan ga ba, ku kawo ni miƙe. Ko bisa amalanke na, ku kawo ni miƙe."

Bayan wannan ya yi watanni ba ya amsa wa babban ɗan komai sai gaisuwa. Inna ce ta yi ta shiga tsakani har suka daidaita, ko da yake daidaitawar ba ta kai zuci ba.

Abin da ya fi ci masa rai ya biyo baya. Mutane ba su daina zuwa ba. Sai a yi sallama da sassafe, mutum ya durƙusa ya ce an yi masa rasuwa a asibiti. Kawu ya ce, "Ba ni da mota," alhali ga baƙar mota tana sheƙi a bayansa ƙarƙashin rumfa. Wasu sun fahimta, wasu sun tafi suna cewa Alhaji ya samu duniya ya canza. A hankali aka daina zuwa. Masu hali suka koma neman motar asibiti, marasa hali kuma suka koma zaunar da nasu a kujera tsakanin 'yan'uwa biyu, a sa masa hula kamar mai rai. Duk ranar da Kawu ya ji an kawo wani haka, ba ya cin abincin rana. Bai taɓa tuƙa 406 ba, autan ne ke kai shi masallacin Juma'a a cikinta. Amma ya sa an sayo sabuwar tabarma an ajiye a but, ya hana a taɓa.

Da ciwon ƙarshe ya kama shi, asibiti a Kalgo aka kawo shi. Da yake a Kalgo nake aure, ni ce mai kai abinci, ni ce mai zama da shi da rana. Ya rame har tsawonsa ya ƙara fitowa, ƙafafunsa suna taɓa ƙarfen gado. Wata rana ina ba shi kunu ya riƙe hannuna.

"Ɗiyam mota, kin tuna abin da nic ce?"

"Na tuna, Kawu."

"Ke kin san daɗin miƙewa cikin mota, tun da can anka haihe ki." Ya yi murmushi. Tsokanarsa ta ƙarshe ke nan gare ni.

Ranar Juma'a bayan asuba ya cika. Kafin rana ta ɗaga an kira Gwandu, an fara haƙa kabari, an sanar a masallaci cewa za a yi sallar jana'iza bayan an sauko daga Juma'a. Motar asibiti ta tafi Sakkwato da wani mara lafiya, ba wanda ya san lokacin dawowarta. Autan ya je tasha. Direbobin da ke da dogayen motoci duk sun san Kawu, duk sun yi salati, kuma duk suna da uzuri. Wannan ya yi lodi, wancan tayarsa ba lafiya.

Sai ƙanin Kawu, wanda muke kira Kawu Ƙarami, ya bugo waya daga Gwandu. Ya ce ya samu a-kori-kura a wurin wani manomi a Ceberu, tana gona ana sauke mata taki, da an gama za a wanke ta a taho. Ya ce mu jira.

Babban ɗan ya ce, "A'a. Ba a sa ubana bayan motat taki, rana na dukanai, gari na kallo. Mi za a ce da mu?"

Na ce, "Yaya, cewa yay yi miƙe. Bai ce mota mai kyau ba. Har amalanke ya ambata, kana wurin."

"Ke, lokaci na tahiya. An tara mutane. In munka jira, Juma'a ta wuce mu."

Na yi magana har muryata ta tashi, wata ma'aikaciya ta leƙo. Amma ni 'yar ƙanwa ce, shi ɗa ne, kuma kowa ya san ba a jinkirta mamaci. Na kuma ga idanunsa. Yana tuna labarin kakanmu da buhunan albasa, yana ganin in ya sa ubansa a bayan motar kaya ya maimaita abin da aka yi wa kakan. A ganinsa girmama shi yake yi. Har yau in na tuna sai haushi da tausayi su kama ni tare.

Aka kawo 406 bakin ƙofa. Aka gwada kwantar da shi a kujerar baya, ƙofa ta ƙi rufuwa, kamar dai ranar da ya gwada da kansa. Aka kwantar da kujerar gaba, ba ta kwanta duka ba. A ƙarshe aka zaunar da shi a tsakiyar kujerar baya. Aka sa masa farar rigarsa da hula, aka naɗa masa rawani ya riƙe haɓa, don kada a yi ta tsayar da mu da tambaya a hanya. Autan ya zauna a damansa, ni a hagu. Da yake dogo ne, gwiwoyinsa suka tokare kujerar gaba, sai da aka ƙara lanƙwasa su. Kansa ya kwanto a kafaɗata. Tabarmarsa tana but a naɗe, ba wanda ya tuna da ita sai ni, kuma ba inda za a shimfiɗa ta.

Babban ɗan ne ya tuƙa. Ya kunna sanyin motar har ƙarshe, ya kama gudu saboda lokaci. Bayan mun wuce Birnin Kebbi motar ta faɗa wani rami, kan Kawu ya ɗaga ya dawo ya bugi kafaɗata. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Hanƙuri, Kawu, rami na."

Autan ya juya fuska ga gilashi, kafaɗunsa suna rawa. Babban ɗan ya ɗaga ƙafa daga totur. Daga nan har Gwandu a hankali ya tafi, ni kuma duk ramin da muka shiga sai na ba da haƙuri. Ina jin jikin yana ƙara sanyi da tauri a gefena.

A bakin tashar Gwandu cunkoso ya tsayar da mu. Tsohuwar Maruda tana zaune da faranti a gabanta, labari bai kai gare ta ba. Ta ɗaga kai ta ga motar, ta ga Kawu zaune da hula da rawani. Ta miƙe da saurin da ban san tana da shi ba, ta zo ta dafa gilashi, fuskarta cike da murna.

"Alhamdu lillahi! An sallamo ka, Alhaji? Ƙaƙa jiki? Sannu, sannu!"

Ta dube shi, ta dube ni, ta ga hannuna a ƙarƙashin haɓarsa. Na ga murnar tana barin fuskarta. Hanya ta buɗe muka wuce, na waiwaya na hango ta tsaye a tsakiyar titi, mashina suna kauce mata.

A ƙofar gida maza huɗu ne suka fito da shi, kuma a zaune suka fito da shi, domin jikin ya riga ya sandare a haka. Aka yi sauri aka rufa masa zane aka shige da shi. Ni na buɗe but na ɗauko tabarmar na miƙa wa Kawu Ƙarami, wanda shi da liman za su yi wankan. Ya karɓa ya shige da ita. Ana cikin haka a-kori-kurar ta iso daga Ceberu, an wanke ta tas, ruwa na ɗiga daga bayanta. Mai ita ya ce ya zo ne a tafi Kalgo. Aka ce masa ya ajiye ta ya zo a yi salla.

Wankan ya daɗe fiye da yadda aka saba. Sau da yawa ana leƙowa a ce a ƙaro ruwan ɗumi. Mu mata muna zaune a tsakar gida, kowa ta san dalilin ruwan ɗumin, ba wadda ta furta. Inna ba ta yi kuka ba, idonta na kan ƙofar ɗakin kawai. Da Kawu Ƙarami ya fito, hannun rigarsa a naɗe, gumi na zuba, ta kira shi da hannu. Ya zo ya durƙusa a gabanta.

Ta ce, "Kun miƙe shi?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ƙahwa guda ta miƙe, Yaya. Gudan mun yi, mun yi, ta ƙiya. Ba mu so mu karya shi."

A nan Inna ta fashe da kuka, ta kira mamacin da sunan da take kiransa tun suna yara. Aka fito da makara, tabarmarsa a ƙarƙashinsa. Ta cikin likkafani ana ganin tudun gwiwa ɗaya.

Tun ina yarinya nake jin ana yi wa mamaci addu'ar Allah ya yalwata masa kabari, ina cewa amin da baki kawai. Yanzu in na zo kanta a sallata sai na tsaya. Ya Allah, ga bawanka da ya kwantar da bayinka masu yawa ya kai su gida. Ka gafarta masa, Ka gafarta wa 'ya'yansa, Ka yalwata masa wurin, ya samu inda zai miƙe ƙafar nan.